'Yan kunnen da inna ba ta gani ba

Babana ya yi shekara shida a Gana yana wankin ƙasa a ramukan daimon, ana neman lu'ulu'u. Da aka kori baƙi, watanni ya yi yana gangarowa gida, daga wannan tasha zuwa waccan. Kafin ya iso ƙauyenmu na gindin dutsen Buza, inna ta yi sati uku a kabari. Tsarabar da ya yi mata tana ɗinke a ƙugun wandonsa: 'yan kunne biyu na zinariya, kowanne da ƙwayar lu'ulu'u ɗaya da ba ta fi ƙwayar dawa ba.

Bai nuna wa kowa ba sai ranar da za a kai ni ɗakin miji, a wani ƙauye kusa da Keita. Ya kira ni bayan rumbu, ya zuba mini su a tafin hannu, ya rufe hannun da nasa.

"Na innarki ne," ya ce. "Ba ta gan su ba."

Ban taɓa saka su ba. Da farko kunya ce, don matan ƙauyenmu azurfa suke sakawa da murjani, kuma ban san abin da zan ce ba idan aka tambaye ni. Daga baya na ga kamar aro ne aka ba ni, mai su tana nan tafe. Na naɗe su a tsumman atamfa, na sa a cikin ƙaramar tasa, can ƙarƙashin jeren kwanonina.

Amma da rani, bayan azahar, idan gari ya yi tsit, awaki sun kwanta a inuwar bango, akwai wani siririn haske da yake shigowa ta hujin da ke saman ƙofar ɗakina. Sai in fito da su in riƙe a cikinsa. Nan take ɗigo-ɗigon haske su watsu a bango, wani kore, wani ja, suna rawa in hannuna ya motsa. Ina kallonsu sai in ga inna ta taso daga rijiya da tulu a ka, tana hawan tudu a hankali, kunnuwanta suna walƙiya. Ba ta taɓa isowa ba. Kullum tana tsakiyar tudun sai wani ya yi sallama, ko goyona ya farka. Na lura ɗaya ya fi ɗaya watsa haske, na ɗauka riƙona ne.

Haka muka yi kusan shekara goma, har babban farin nan ya zo. Gero bai ko fid da kai ba, shanun mijina suka ƙare, shi kuma ya bi 'yan ci-rani zuwa Abijan. Bayansa aka fara aikin gyaran ƙasa a Keita. Mu mata muka dinga ɗaukar duwatsu a ka, muna jera su a jikin tuddai don su tare ruwa, ana ba mu abinci. Wata rana na sauke dutse, wuyana ya ƙi juyawa. Ina zaune ina murza shi sai ga wata mata ta wuce a kan amalanke, jaki yana ja, ganguna biyu na ruwa a bayanta. Na bi ta da ido har ta ɓace.

Ranar kasuwar Madawa na hau kamyo, babbar motar kaya, da tsummana a ƙulle a bakin zane. An kwatanta mini wani maƙerin azurfa, Buzu, dattijo. Ya kwance tsumman, ya daɗe yana juya su. Ya hura musu numfashi, ya duba. Ya ɗauko fasasshen madubi ya goga na farko, ya bar zane. Ya goga na biyu, bai bar komai ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "wannan dutse ne na gaske. Wannan kuwa kwalba ce. Amma wanda ya dasa ta gwani ne."

Na ce ya sake dubawa. Ya sake, don ya faranta mini.

Ya san wata hajiya mai fataucin zinariya tsakanin Sakkwato da Makka, ya aika aka kira ta. Ta ce na gasken take so, za ta sa a mayar da shi zobe. Na ce ni ba kuɗi nake so ba, jaka nake so, macen jaki, da amalanke. Ta yi dariya, ta ce ba a taɓa yi mata irin wannan ciniki ba, amma kafin la'asar ɗan'uwanta ya kawo su ƙofar maƙera. Jakar fara ce, mai baƙin zane a kafaɗa.

Ban nufi gida ba, Buza na nufa, na kwana a hanya wurin dangi. Na sami baba a zaure yana tufkar igiya, idanunsa sun fara hazo. Na ajiye masa ɗan kunnen da ya rage a gwiwa, na gaya masa abin da maƙeri ya ce. Ya ajiye igiyar, ya lalubo shi.

"Ni na cire shi," ya ce. "A hanya ciwo ya kada ni, guzuri ya ƙare. Wani maƙeri ya karɓi dutsen, ya sa kwalba, na samu na mota. Na ce in na iso in hwaɗa ma innarki, ta yi mani dariya. Ke kuwa ban iya ba."

"Baba, da ka faɗa mini."

"Da kin raina su."

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Ɗan kunnen kwalba dai na bar masa, ya sa a aljihun da yake ajiye tasbaha.

Jakar nan ta ɗauke mini dutse, ta ɗauke mini ruwa, ta haifa mini biyu. Da damina ta biyu, ruwa ya tsaya bayan bangon da muka gina a bakin kwari, ya yi tafki. Na je na ɗauko baba a amalanke, na shimfiɗa masa tabarma. Tafiya muka yi a hankali, ƙananan itatuwan da muka dasa suna kai wa jaka ciki, shi yana tambayata sunan kowane tudu. Da muka isa ya ce in kai shi bakin ruwa. Ya tsuguna, ya ɗebi laka da hannu biyu, ya dinga karkaɗa ta cikin ruwan a hankali, yana bin tsakuwa da babban yatsa irin na wankin ƙasarsa a Gana. Farin tsuntsu ya sauka nesa kaɗan. Na kwance jaka ta sha, na zauna kusa da shi, har inuwar dutse ta iso mu.