Gwangwanin da na sa ƙarƙashin ƙarfen Yayana

Assalamu alaikum Edita, da masu karanta wannan fili. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji biyu na ƙaramar sakandare na sallami makaranta kafin ita ta sallame ni, saboda haka yadda nake magana haka zan rubuta.

Shekarun baya kaɗan, in ka sauka tashar Magama, bakin bodarmu ta Jibiya, ka ji wuri ya kaure da dariya, ba sai ka tambaya ba, ni ne a tsakiya. Ba wanda na ƙyale. Na iya tafiyar jandarman Nijar, na iya muryar mai shayinmu in an ce mashi madara ta yi kaɗan, har direbobin Maraɗi sai sun neme ni kafin su yi lodi. Sana'ata ɗaukar jarkokin fetur a mashin, in bi ta cikin gonaki in ɓullo bayan masu tsaron hanya, ko ƙurata ba su gani ba. Abin da nake taƙama da shi ke nan, cewa duk shingen da aka kafa a duniya yana da hanyar baya, kuma doka an yi ta ne don wanda bai san gari ba.

Yayana ba haka yake ba. Shi kabu-kabu yake yi, ya ɗauki fasinja daga boda zuwa cikin gari, ta kan titi, takardunshi cikakku. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma Innarmu da matarshi da yaranshi biyu duk a kan mashin ɗin nan suke ci. Liman nake ce mashi don tsokana, shi kuma ya ce mani ɗan iska mai lasisi. Wata ranar kasuwa wani sa ya ƙwace wa masu loda shi a mota, ya yo kan titi ya ɗauke Yaya da mashin gaba ɗaya. Ƙashin cinyarshi ta dama ya karye gida biyu.

Muka kai shi asibiti Katsina. Likita ya ce ko dai aiki a sa ƙarfe a ciki, wanda ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, ko kuma a ɗaure ƙafar a ja ta da nauyi har ƙashin ya kama a miƙe. Muka zaɓi na biyu. Bayan sati biyu, da yake gadaje sun cika, likitan ya yarda mu koma gida bisa sharaɗi ɗaya, wato wani dattijo na unguwarmu, wanda ya yi ritaya daga aikin jinya a ɓangaren ƙashi, shi zai riƙa lura. Dattijon nan yana da nashi kayan jan ƙafa, irin wanda ake kwancewa a ɗauka a hannu. Ya zo da shi a bayan kekenshi ya haɗa a ɗakin Yaya. Ƙarafa ne ake ɗaurawa a ƙarshen gado, da 'yar taya a sama irin ta jan guga a rijiya. Aka manna filasta tun daga cinya har idon sawu, aka naɗe da bandeji, igiya ta fito daga tafin ƙafa ta bi ta kan 'yar tayar ta sauko, dunƙulen ƙarfe yana reto a ƙarshenta. Ya sa bulo ya ɗaga ƙafafun gadon na ƙasa. Sannan ya tara mu, ni da Inna da matar Yaya, ya ce magana ɗaya ce zai faɗa kuma ba zai gaji da faɗinta ba: ƙarfen nan a sama zai kwana a sama zai wuni, kada ya taɓa ƙasa, kada a ɗaga shi, ko da majinyaci ya yi kuka da hawaye. Ya ce naman cinya ƙarfi gare shi, da an saki igiya zai janyo ƙasusuwan su hau juna. Na ce mashi Baba kada ka damu, ai wannan ƙarfen ya fi duwan, kwastan ɗin Nijar, tsanani, ba ya karɓar gaisuwa. Kowa ya yi dariya, shi bai yi ba.

Kwanakin farko ni ne ɗan albarka. In dawo daga daji in zauna bakin gado, in kawo mashi labaran tasha, in tsokani matarshi in ce amaryarmu kin huta da wankin wandon mai mashin, ita kuma ta ce in na isa in je in yi tawa matar in gani. Amma Yaya yana shan wuya. Filasta tana cin fata, zafin gari ga shi nan, baya ya yi tsami, igiya kullum tana jan shi zuwa ƙarshen gado. Mutumin da bai taɓa wuni a ɗaki ba, ga shi a rigingine yana ƙirga azara. Salla ma da ido da kai yake yi.

Ranar da na fara ɓarnar, surukinshi ne ya aiko daga Riko cewa yana tafe dubiya. Ɗakin ƙarami ne, kuma yadda aka kafa gadon, ƙafar Yaya tana kallon ƙofa, daidai inda za a shimfiɗa wa baƙo tabarma. Tun safe Yaya ya rasa sukuni. Ya ce shi tunda ya auri ɗiyar mutumin nan bai taɓa gaishe shi a tsaye ba balle a kwance, yau kuma sai ya zo ya tarar ya miƙe mashi ƙafa a fuska kamar wani basarake? Na ce Liman lalura ce, ko a littafi an yafe. Ya ce littafi ya yafe, idonshi bai yafe ba. Da na ga gumi yana keto mashi, sai kan nan nawa na bin hanyar baya ya fara aiki. Na fita tsakar gida na ɗauko babban gwangwanin tumatir da matarshi ke awon gero da shi, na kife shi ƙarƙashin ƙarfen, na sassauta igiyar na sake ƙulla ta da ƙullin da muke wa jarkoki, yadda in ka duba za ka ga igiya a miƙe kamar tana ja, alhali hutawa take. Daman Inna ta yafa zani a ƙarshen gadon don kada kowane ɗan dubiya ya riƙa zuba wa ƙafar ido, zanin ya rufe komai. Na tallabi Yaya ya jingina da bango, ya ɗan karkatar da ƙafar gefe, ya gaida surukinshi da kai a sunkuye. Surukin ya yi addu'a, ya sha fura, ya tafi yana yabon ladabinshi.

Bayan tafiyarshi na kai hannu zan cire gwangwanin, sai Yaya ya riƙe mani riga. Ya ce ƙanena bar shi zuwa la'asar, rabon da in ji jikina nawa ne tun ranar da sa ya buge ni. Wallahi Edita, fuskarshi a lokacin ta koma irin ta da. Na ji kaina ya yi girma. Likita da digirinshi, dattijo da shekarunshi a asibiti, ga ni ɗan aji biyu na samo wa yayana sauƙi da gwangwani.

Daga nan ya zama kullum. Dattijon da hantsi yake zuwa, ya duba fata, ya matsa yatsu, ya auna ƙafafun biyu da awon tela, ya tafi. Yana karya kwana a kekenshi, ni kuma in kife gwangwani, sai washegari in cire kafin ya iso. Matar Yaya ta nemi abin awonta ta rasa, har ta gano inda yake. Ta tare ni a zaure, ba wasa a fuskarta, ta ce ɗan nan ka ji tsoron Allah, ba haka Baba ya ce ba. Na ce amaryarmu ke dai ba ki son ki ga mijinmu yana dariya, ke da kika fi ƙarfen nan nauyi ma ai ya ɗauke ki shekara bakwai bai gajarce ba. Na ba ta dariyar dole, na wuce. Da ta kai maganar gaban Yaya ya ce ta bar shi ya sha iska, sai ta bar maganar, don ba ta saba ja da shi ba.

Wajen sati na uku a gida, dattijon ya auna, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya goge ya ƙara aunawa. Ya ce ƙafar ta fara gajarta. Ya ƙara nauyi kaɗan. Bayan kwana huɗu ya ga ba ta canja ba, sai ya kira ni waje ƙarƙashin darbejiya, ya dafa kafaɗata, ya ce ɗana kai ne mai wuni da shi, tsakaninka da Allah akwai mai taɓa ƙarfen nan? Nan ne wurin da nake komawa kullum a raina. Da na buɗe baki na ce e, da wataƙila akwai sauran gyara, don ƙashin bai gama kamawa ba. Amma ni da na saba a tare ni a hanya a tambaye ni me na ɗauko in ce ruwan alwala ne, bakina ya riga zuciyata. Na ce Baba wa ya isa, ai ko ƙuda ya zo sauka a kai sai ya nuna takarda. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to Allah ya sa idona ne ya tsufa. Ranar na tsorata na jefar da gwangwanin bayan katanga. Kwana biyu Yaya yana nishi da sabon nauyin, a na uku na tsallaka na ɗauko shi.

Da lokacin ɗaukar hoton ƙashin ya yi muka koma Katsina. Likita ya ɗaga hoton a haske, ko ni da ban yi karatu ba na gani. Ƙasusuwan sun hau juna kamar an haɗa itace biyu an ɗaure, kuma sun kama a haka ƙam. Ƙafar ta gajarta da yatsa uku, ta ɗan karkace waje. Ya ce gyaranta sai an sake karyawa an yi babban aikin nan da muka gudu tun farko. Ya tambayi Yaya ko an taɓa sauke nauyin. Ina tsaye a bayan Yaya. Yaya ya ce a'a likita, ƙaddara ce.

Wanda ya san hanyoyinmu ya san mashin a yashi da ƙafa biyu ake tuƙa shi. Yaya ya gwada, ya faɗi da fasinja sau biyu, ya jingine mashin ɗin. Yanzu faci yake yi a bakin titi, a zaune kan tsohuwar taya, ƙugu yana damunshi in ya daɗe. Wani mai gyaran takalmi ya ƙara mashi tsayin ƙafa ɗaya da guntun taya. Na sha zuwa in roƙi gafara, sai ya ce bakinshi ne ya roƙa, hannuna kawai aka ara, in bar maganar. Wannan yafiyar ta fi mari ciwo. Matarshi kuwa ba ta taɓa tona ni ba, tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, amma wasan da ke tsakaninmu ya mutu tun ranar hoton.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne abin da ya biyo baya a unguwa. Magana ta bazu cewa ƙarfen asibiti ne ya cinye ƙafar Yaya, da maɗori aka kai shi da tuni yana kan mashin. Inna da kanta tana faɗi. Mutane suka daina kiran dattijon nan, shi ma ya kwance kayanshi ya tura ƙarƙashin gado, ya ce tunda ido da hannu sun fara cin amanarshi gara ya bari kafin ya nakasa wani. Bara na je na durƙusa gabanshi na faɗa mashi komai. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni kwana nawa, na ƙirga mashi, ya rufe ido. Ya ce shekara biyu yana tuhumar kanshi a kan sallaya. Sannan ya ce shi ya yafe, amma in je in faɗa a inda aka fi jin maganata. Na je tasha da rana tsaka, na hau benci, na ce jama'a ni na gajarta ƙafar yayana da gwangwanin tumatir. Edita, wurin ya fashe da dariya. Wani har da riƙe ciki yana cewa wannan sabuwa ce, in ƙara. Na rantse, suka ƙara dariya. Na sauko ina kuka suna tafa mani.

Shi ya sa na rubuto maku, ko a takarda wani zai yarda. 'Yan'uwana masu jinya, in aka ɗaura wa naku irin wannan nauyi, ku sani azabar da kuke gani ita ce maganin. In ya yi kuka ku kira wanda ya ɗaura, a gyara filasta, a gyara kwanciya, amma kada hannunku ya kai ga igiyar. In suruki zai zo a juya tabarma, ko ya tsaya daga ƙofa, ba zai mutu ba. In kuma kun riga kun taɓa, aka tambaye ku, ku faɗi gaskiya tun ƙashi yana ɗanye. Ni tausayin wuni ɗaya na ji, na haɗa da wayon da nake ji da shi, na ɗauke wa yayana nauyin wata biyu, na ɗora mashi wanda zai ja har kabarinshi. Ku sa shi a addu'a. Ni ma in da hali ku haɗa da ni.