Baƙon Gatawa da Motarsa

Sadiƙa tana ƙofar gidansu a Sabon Birni, tana kallon baƙon da ya zo daga Gatawa, dogo mai furfura. Yana kwance ƙarƙashin tsohuwar motarsa, yana ɗaura jakunkunan roba kusa da tayoyin baya. Ya fito yana hura musu iska da famfon keke, bayan motar yana ɗagawa a hankali. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya waiwaya firgigit. Ta ɗauka direban haya ne.

"Baba, hatsi za ka ɗauko?"

"Mutanena za ni kwaso, ɗiyata. Ran da 'yan bindiga suka kore mu, nauyi ya sa cikin motar ya kama ƙasa. Dole na sauke wasu a hanya."

Yana ta hurawa, bai dube ta ba.