Cokali Ɗaya, Magana Ɗaya

A ina Malam ya ɓoye duk maganganun nan shekara arba'in da shida? Har yau ban sani ba. 'Yata ce ke rubuta min wannan, ni ina faɗa ina share hawaye.

Maigidana tela ne a kasuwar Rogo, bakinsa kullum cike da allura. Ko ya dawo gida, kamar allurar na nan. "Sannu." "To." "Ina butar?" Hirarmu ke nan.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, haɗiya ta gagara. Ruwa ma sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. A asibiti a Karaye wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni. Ta ce ruwa tsululu shi ya fi haɗari, sai dai a ba shi kunu mai kauri, tuwo kuma a dama shi da miya har ya yi laushi. Ya zauna a miƙe, ya sunkuyar da haɓa, ƙaramin cokali. Ta ce, "Baba, bayan kowane cokali ki sa shi ya yi magana. In muryar ta fito garau, ki ƙara. In kika ji kamar mai kurkure baki, abinci ya kama hanyar huhu, ki ajiye cokalin."

Na ce, "'Yar nan, wannan mutumin? Ki ce in sa turmi ya yi magana."

Makon farko "to" kawai yake cewa. Na ce masa "to" ta yi gajarta, ba na jin komai a ciki, in yana son kunu ya biya da magana. Ya harare ni. Yunwa dai ta yi aikinta.

Cokali ɗaya: "Kazar sunan autarmu, ni na cinye."

Na riƙe cokali a sama. Kazar da na kori kyanwata a kanta, na sa aka kai ta har Kafin Dafga a buhu.

"Muryar ta fita?" in ji shi.

"Ta fita, maras kunya."

"To ƙaro."

Haka muka yi wata bakwai. Zanena da ya ce atamfar ce ta motse, ashe shi ya yanke ya yi wa kansa aljihu. Miyar karkashi da nake yi bai taɓa so ba. Ɗan'uwana da ke zuwa daga Jajaye, in Malam ya hango kekensa, bayan rumbu yake laɓewa. Wata rana na yi fushi na ce yau ba kunu. Ya ce to shi ma sauran labarin rediyona da ta ɓace ya fasa. Na ɗauko kwanon.

Ranar ƙarshe da hantsi ne. Cokali na uku ya ce, "Ranar da na fara ganinki a bakin rijiya..." Sai na ji muryar ta jiƙe. Na ajiye cokalin kamar yadda aka ce min, na gyara masa matashi, na aika a nemo mota. Kafin azahar ya cika, Allah ya jiƙansa. Amma kafin motar ta zo ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce:

"Ƙaro cokali ɗaya mana, ban gama ba."