Duwatsun da Na Kawar daga Hanyar Keke

Laifina ne, bari in faɗa tun farko don kada wani ya fara nema mini uzuri. Na yi ɓarna da hannuna, na yi shiru, wani bawan Allah ya kusa rasa aikinsa a kan abin da ni na aikata.

Shekarun baya, ina zaune a unguwar Mahjar a Jidda, ina aikin lodi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Da yamma kuma ina gyaran kekuna a ƙofar gida. Karatuna bai yi nisa ba, amma keke kam na san shi ciki da waje. Wata rana a kasuwar gwanjo na tsinci keken hawan dutse mai faffaɗan taya, sarƙarsa duk tsatsa. Na yi mako biyu ina fama da shi har ya tashi. Tayar baya ta tsage a gefe, na yanko guntun roba na liƙa mata babban faci ta waje. Matata ta ce ko ranar aurenmu ban yi mata irin kallon da nake yi wa keken nan ba.

Ina da wani abokina haifaffen Jidda, iyayensa Hausawa ne, Hausarsa rabi Larabci. Yana da a-kori-kura da keke irin nawa, sai dai nasa sabo ne. Shi ya fara kai ni duwatsun kudu, tafiyar wajen awa bakwai, inda akwai gandun daji na gwamnati. Wanda ya saba da zafin Jidda ba zai yarda ƙasa ɗaya ba ce. Sanyi, gajimare yana saukowa har ka taɓa shi, ga itatuwan da suke kira ar'ar masu ƙamshi, ga birai a bakin titi. A cikin gandun akwai wata tsohuwar hanyar jakuna da take gangarawa kwari. Ita muke bi da kekuna.

Mai gadin wannan ɓangaren wani dattijo ne Bahaushen Sudan, ya daɗe a wurin. Ranar farko da ya ji muna Hausa ya ajiye butarsa ya ce, "Ku kuma 'ya'yan wa ne?" Tun daga nan muka zama nasa. Muna ce masa Baba. Kullum sai ya dafa mana gahawa da citta. Yakan ce mini, "Kai ɗana, ko ban gan ka ba na san ka zo. Facin nan naka yana sa hannu a ƙasa duk inda ka bi."

Sai wata shekara gobara ta tashi a gandun. Muna Jidda muka ji. Ta cinye gangaren gaba ɗaya, aka rufe hanyar. Muka yi shekara guda ba mu je ba.

Da hutun ƙaramar Sallah ya zo, na matsa wa abokina mu je. Muka isa ranar Juma'a da hantsi. Abin da na gani ya ba ni tausayi: itatuwa a tsaye baƙi ƙirin, ƙasa duk toka. An ɗaura sarƙa a bakin hanyarmu, da allo a rataye.

"Baba, ko sau ɗaya?" na ce.

"Ko rabin sau," in ji shi. "Ƙasar nan jinya take yi. Ku bi kwalta, ita ma gangara ce."

"Awa bakwai fa muka yi a mota."

"To kun ga duwatsu, kun sha iska, za ku sha gahawa. Me kuma ya rage?"

Abokina ya ce, "Halas ya akhi, an ce mamnu', an hana. Yalla, mu je masallaci."

Na ce kaina yana ciwo, kuma ni matafiyi ne, zan yi azahar a nan. Fatawar da na ba kaina ke nan, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. Suka shiga mota suka gangara ƙauye. Ƙarar motar na ɓacewa na ɗaga keke na tsallake sarƙar.

Hanyar ta canza. Ko'ina duwatsu ne, uku-uku a jingine da juna, ga gumaguman itace da suka ƙone a kwance sun gitta hanya. Na ɗauka wuta da ruwan sama ne suka gangaro da su. Mu kuma masu keke al'adarmu ce, in ka ga dutse a hanya ka sauka ka kawar don na bayanka. Tun ina yaro ma an koya mini kawar da abin cutarwa daga hanya aikin lada ne. Sai na jingine keke na kama aiki. Na yi ta jifa da duwatsu cikin kwari, na ja gumaguman gefe. Na fi awa ɗaya ina zufa, wallahi har ina jin daɗi a raina, wai Baba zai ga an rage masa aiki.

Na hau na gangara, na turo keke na dawo, na sake gangarawa. Ƙasar ta yi laushi, duk inda na taka birki sai taya ta tona rami. A karo na uku na ga dutse ɗaya da na manta, na sa ƙafa na ture shi. Sai ga wani ɗan tsiro kore a ƙarƙashinsa, bai kai tsawon yatsana ba, ƙasar gindinsa a jiƙe. An zuba masa ruwa a safiyar nan.

Na juya na dubi hanyar da na share. Duk inda na ɗauke duwatsu uku akwai ɗan gurbi mai danshi. Wasu tsiron suna tsaye tsirara a rana, wasu tayata ta murƙushe su. 

Da ina da hankali da na zauna a nan har su dawo. Amma na tsallako, na kakkaɓe wandona, na kwanta a bayan ɗakin gadi kamar mai ciwon kai na gaske. Da suka dawo Baba ya dubi ƙafafuna, ya dubi keken. Sai ya ce, "Ya kan?" Na ce da sauƙi. Ya zuba mini gahawa, ya ƙara mini citta. Na sha, muka yi sallama, muka kamo hanyar Jidda.

Bayan kamar wata biyu, ina cikin ɗaura birkin wani keke, abokina ya tsaya da mota. Bai ko yi sallama sosai ba.

"Na yi waya da Baba," ya ce. "An yi ruwa mai ƙarfi. Ruwan ya bi sawun taya ya tsaga gangaren, ya kwashe ƙasar da dashen duka. Duwatsun nan shi ya jera su, suna yi wa tsiron inuwa, raɓa tana taruwa a jikinsu. Itatuwan kuma ƙasa suke tarewa. Wata takwas yana ɗaukar jarka a kafaɗa."

Na ce, "Subhanallahi." Ban ɗago ba.

"Mudir, shugaban gandun, ya ce ko dai Baba ne ya bar mutane suka shiga, ko barci yake yi. Ya ce ya faɗi wanda ya shiga. Baba ya ƙi. To ƙarshen wata mai zuwa za a sallame shi, a buga masa fita, ya koma Sudan. Mutumin da 'ya'yansa mata uku suke makaranta a nan."

"Ai wataƙila bai san ko wane ne ba."

Abokina ya tsuguna ya juya tayar kekena ta baya har facin ya zo sama, ya ɗora yatsa a kai.

"Ya sani tun ranar. Na ce masa, ya Baba, ka faɗa mana. Ya ce yaron nan iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ta mutu, shi da bakinsa ya gaya mini kafilinsa, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, bai sabunta ba. In na ambace shi, ba tara kaɗai za a ci shi ba, jirgi za a sa shi. Ni na tsufa, shi yanzu ya fara." Ya miƙe. "Wallah ya akhi, ban taɓa jin kunyar ɗaukar mutum a motata ba sai yau."

Zan so in ce washegari na tafi. Ban tafi ba. Na yi mako uku ina lissafe-lissafen banza. Na ce ai da niyyar alheri na yi. Na ce ai da an rubuta a allon cewa akwai dashe. Na daina hawa keken, na rufe shi da buhu, kamar shi ne mai laifin.

Matata ce ta gaji da ni. Da na ba ta labari ta ce, "Malam, in an kore mu, gida za mu koma, muna da inda za mu sauka. Amma ni ba zan iya ci gaba da dafa maka abinci da aikin da aka saya da na tsohon nan ba. Ka tashi ka je."

Ranar Laraba bayan an tashi aiki na je wajen abokina. Yana ganina ya ɗauko makullin mota.

Mudir ɗin mutumin yankin ne, mai furfura a gemu, ba ya dariya. Na tsaya a gabansa da guntun Larabcina, abokina yana cike mini inda na kasa. Na ce ni na shiga, Baba ya hana ni, na jira ya tafi masallaci. Na ce ni na zubar da duwatsun.

"Don me?" ya ce.

"Na ɗauka gyara nake yi."

 Sai ya miƙo hannu. "Iƙama."

Na ba shi. Ya duba gaba, ya duba kwanan watan, na ga ya gani. Sai ya turo mini ita a kan tebur.

"Ni itatuwa aka ba ni in kula da su," ya ce. "Ka iya ɗaukar dutse, mun ga shaida. Duk wanda ka jefa kwari za ka hauro da shi. Dattijon zai nuna maka inda za ka ajiye. Shi kuma yana nan a aikinsa."

Na fito. Baba yana zaune a inuwar mota. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni: "Ka ci abinci? Zo, jarka tana jiranka."

Haka na yi ta zuwa, duk bayan mako biyu, Alhamis da Juma'a, tsawon lokacin sanyi har bazara. Abokina ne yake kai ni, bai taɓa fashi ba, sai dai duk hanya yana kirana injiniyan share hanya. Dutsen da na jefa da hannu ɗaya cikin nishaɗi, sai ga shi ina haurowa da shi a kafaɗa ina nishi. Baba ya koya mini yadda ake jingina su ta ɓangaren da rana ta fi zafi, da yadda ake kwantar da gungume a tokare shi. Ya ce ar'ar ba ya sauri, wanda muke dasawa jikokin wasu ne za su zauna a inuwarsa. A tsakiyar wannan lokaci kafilina ya sabunta mini iƙama. Ban ma yi murnar da na zaci zan yi ba, hankalina yana kan ko an yi ruwa a dutse.

Sai bayan shekara uku aka buɗe hanyar ga masu keke, ita ma ba tsohuwar ba. An zana sabuwa da take kewaye dashen, aka jera farin dutse a gefenta, kuma in an yi ruwa a rufe ta sai ƙasa ta sha iska. Baba ya sa aka kira mu ranar.

Yau in na tuna, abin da yake tsaya mini a rai shi ne mutane nawa suka rufa mini asiri ban cancanta ba. Dattijon da ya zaɓi ya tafi a kan ya ambaci sunana. Abokin da ya gaya mini gaskiya a fuskata kuma bai yar da ni ba. Matata. Har mudir ɗin da ya ga kwanan wata ya kawar da kai. Na kuma gane cewa kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna in mutum ya shiga inda aka ce kada ya shiga. Har yanzu in na ga dutse a hanya, sai na tsuguna na leƙa ƙarƙashinsa kafin in taɓa.

Amma akwai abin da ya rage. A duk shekarun nan na yi wa mudir bayani, na ɗauki dutse, na ɗauki jarka, sai dai ban taɓa buɗe baki na ba Baba haƙuri ba. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya aike ni wani abu, ni kuma in ji daɗin kuɓuta.

Ranar buɗe hanyar, abokina ya riga ya gangara yana ihu. Baba ya kwance sarƙar yana naɗe ta a hannu, ya ce, "To bismilla, mai faci." Na kwantar da keken a ƙasa, na tsuguna a gabansa.

"Tashi mana, mutane suna kallo."

"Su kalla, Baba. Yau ba za ka aike ni ko'ina ba." Na riƙe hannunsa da sarƙar a ciki. "Ka hana ni na shiga. Na yi maka ƙaryar ciwon kai, na ɓata maka aikin wata takwas, na sha gahawarka da tokar a ƙafata. Na san za a kore ka, na yi mako uku ina zaune a gida. Na cuce ka, kai kuma ka rufa mini asiri. Don Allah, Baba, ka yafe mini."