Maganar da na yi wa Hajiya a cikin lif

Shekarun baya ne wannan ya faru, kuma tun farko ina so in ce ƙila na manta wasu abubuwa, ko na gyara su a kaina ban sani ba. Zan faɗi iya abin da nake tunawa.

Lokacin ina ƙasar waje, ina aiki a wani ofishin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Muraqqabat, ba da daɗewa da gama digirina ba. Aikina shi ne amsa wayar 'yan kasuwa masu tambayar ko kwantenarsu ta bar tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ba ni ke tuƙa jirgin ruwa ba, amma ni ake yi wa faɗa. A hankali wuyana ya riƙe, ƙirjina ya yi nauyi, har ya zama ko wayar wani ce ta yi ƙara a cikin metiro, jirgin ƙasan cikin gari, sai gabana ya faɗi. Likita ta duba ni ta ce ba ta ga komai ba sai damuwa, in gwada yoga.

Ban tafi nan take ba. Sai da na yi makonni ina bincike a kan ko ya halatta, har na sa mahaifiyata ta tambayo mini wani malami a unguwarmu a Kano. Amsar da ta kawo, in ban manta ba, ita ce in dai motsa jiki ne kawai, ba a furta kalmomin bautar wani, to babu laifi. Sannan na sami ajin mata zalla a Al Satwa, a saman shagon wani tela, wata dattijuwa 'yar Indiya ke koyarwa. A mako na uku na lura na hau metiro na sauka ban dafe ƙirji ba.

Murna ta sa na ja ƙawata da muke ɗaki ɗaya. 'Yar Maraɗi ce, kitso da lalle take yi wa matan 'yan kasuwa a falon filat ɗinmu. Ta ce za ta zo ne kawai don an ce akwai sanyin AC. Ranar farko ta naɗe kamar ba ta da ƙashi. Da aka zo kwanciyar ƙarshe, inda kowa ke yin lamo ya saki jiki, sai ta yi barci har da minshari. Na ji kunya ƙwarai. Malamar kuwa ta nuna ta tana murmushi, ta ce wannan ita ta gane abin. Ni da nake kwance ina bin gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya don in tabbatar na saki jiki daidai, ba a ce mini komai ba.

Ina jin daga nan abin ya soma. Na shiga kwas na koyar da yoga, na cika littafi da rubutu, na karɓi satifiket. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Sai dai duk Hajiyar da ta zo kitso ta yi kukan ciwon baya saboda zagayen kasuwannin Deira, ƙawata za ta ce, "Hajiya, tashi ki yi haka, doucement, a hankali." Kafin in ankara, ranar hutu da safe falonmu ya cika da mata a kan tabarmi.

Wata rana na ce bari in karɓe ta. Na fara bayanin jijiyoyin baya. Babbar Hajiyar da sauran ke bi, wadda ta daɗe tana safarar atamfa da turare, ta ɗago kai ta ce, "'Yata, mun zo miƙe baya ne, ba lacca ba. Ba wa waccan, yalla, maza." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Bayan kwana biyu muka haɗu da Hajiyar a lif, mu biyu kaɗai. Ta yaba ƙawata tun daga hawa na shida. Ban san lokacin da na ce, "Hajiya, ni dai ban ce haramun ba ne, ban kai in faɗi haka ba. Amma wannan jerin da take sa ku, na sunkuyawa da ɗagowa, sunansa gaisuwar rana. An ce asalinsa masu bautar rana ne. Ƙila ita ba ta sani ba, tunda ba ta karanta ba."

Ban yi ƙarya ba, abin da na daɗe ina gaya wa kaina ke nan. Abin da ban faɗa ba shi ne ni ma kullum da safe ina yin jerin nan, kuma amsar malami tana nan a wayata.

Ranar hutu ta zo, ƙawata ta shimfiɗa tabarmi, ta dafa shayi. Ba wadda ta zo. Da ajin kawai aka bari, da da sauƙi, tunda ba ta karɓar ko sisi a kansa. Amma masu kitso ma suka ɗauke ƙafa. Magana ta zaga cewa 'yar Nijar ɗin nan tana sa mata sujada ga rana. Da kitson nan take biyan haya, da shi take ciyar da mahaifiyarta a gida.

Kwanaki ina kallonta tana duba waya tana ajiyewa. Sannan ta same ni a kicin ta ce, "'Yar boko, ke kika yi karatun abin nan. Don Allah raka ni wajen Hajiya ki yi mata bayani, ni in na fara sai in rikice."

Na bi ta. Muka sami Hajiya a ɗakinta na otal, tsakanin kwalaye, tana sa ana ɗaure kaya. Na fara bayani, ina ta kewaye-kewaye. Hajiya ta ce, "Tsaya, habibti. Ashe ba ke ce kika gaya mini a lif ba?"

Ƙawata ta juyo ta dube ni. "Bon," kawai ta ce, wato "to".

Na ce, "Ni ce. Kuma ba don addini na faɗa ba, Hajiya. Hassada ce."

Hajiya ta ce, "Au! To Allah ya shirye ki. Mu nan muna ta istigfari a kan ciwon cikinki." Ta sa na kira sauran matan ɗaya bayan ɗaya a gabanta, na maimaita da bakina. Wasu sun dawo. Wasu ba su ƙara taka filat ɗinmu ba, kuma ban isa in ce sun yi laifi ba, tunda ni na saka musu shakka.

Ƙawata ta yi mako ba ta yi mini magana ba. Da ta yi, cewa ta yi, "Ke, da kin ce kina son ajin ai da na bar miki. Ni gajiyar da ni yake yi. Khalas, shi ke nan, ɗauki." Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Yanzu ni ke koyarwa, na ma bar aikin kago, kuma na cire wancan jerin don kowa ya samu natsuwa. Ita tana kitsonta a ɗaya ɓangaren falon. Zan so in ce na warke, amma har yau in wata ta leƙa ta ce mata, "Zo ki duba ko na yi daidai," alhali ga ni tsaye a gabanta, ina jin abin yana taso mini. Abin da na koya kawai shi ne in gane shi da wuri, in rufe bakina, in ja numfashi.

Akwai wuri ɗaya da nake shakka. Na sha ba da labarin nan a kan cewa ni na fara amsa laifina kafin Hajiya ta tona ni. Yau na rubuta shi akasin haka, don ina ganin shi ya fi kusa da gaskiya. Waɗanda ke ɗakin ranar, har da masu ɗaure kaya, in kun ga inda na rage wa kaina laifi, don Allah ku turo mini gyara.