Idon Inna na Hagu

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni Kazaure wurin kakata ta wajen uba. Can na yi makaranta, can na girma. Inna ta zauna a ƙauyenmu da ke ƙasar Roni, kuma bayan rasuwar mahaifinmu ƙanwata ce kaɗai ke kusa da ita, don a garin take aure. In Inna za ta yi maganata sai ta ce “mutumin nan”. Da na fara aiki a gidan rediyo sai ta ƙara mini matsayi, na koma “mutumin rediyo”.

Zuwana gaisuwa yana da tsarin da bai taɓa canzawa ba. Ƙarshen wata in hau mota zuwa Roni, daga nan in hau babur zuwa gida. In yi sallama, in tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta. Tana zaune a tabarma, ƙofa na hagunta. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, fuskarta na kallon bango ko faifan da take ɗinkawa. In ajiye shinkafa da madara da sabulu, ta ce an gode, kamar wani ne ya aiko ni da su. Ba ta kallona, ni ma ba na ɗaga ido in ƙura mata. Haka muka taso, ba wanda ya ga aibu a ciki, har da ni.

A wurin aiki ni ke gabatar da shirin lafiya na mako-mako, ni ke kuma karanta yawancin sanarwar da ta shafi asibiti: rigakafi, awon ciki, abincin yara masu tamowa, gwajin hawan jini na tsofaffi. Duk lokacin da likitocin ido za su zo yankinmu yin aiki kyauta, takardar a teburina take sauka. Nakan gyara Hausarta kafin in shiga ɗakin watsa shiri, don sau da yawa ba a rubuta ta yadda mutumin ƙauye zai gane. Ni na tsara alamomin yanar ido da kaina: mutum ya riƙa gani kamar ta cikin hayaƙi, hasken fitila ya tarwatse masa, zare ya ƙi shiga allura, ya daina gane fuska sai murya. A ƙarshe na ƙara jimla biyu da babu su a takardar. “Kowa ya zo da ɗan rakiya. Jama’a, mu duba tsofaffinmu.” Shugabanmu ya ce jimlar ƙarshen ta yi kyau. Na ji daɗi.

A cikin shekarar da nake magana a kanta na ga abubuwa a gidanmu, kowanne na ba shi fassara. Inna ta daina ɗinkin faifai, na ce ta gaji da shi, ai ta huta. Na ga tana dafa bango in za ta fita alwala, na ce gwiwa ce, wata mai zuwa na kawo man zafi. Ta karɓa, ta ce an gode. Na tauna tsakuwa a shinkafar da ta dafa, ita da ba a taɓa samun tsakuwa a girkinta ba, na ce shinkafar bana ce ba ta da kyau.

Sai wata Asabar cikin damina. Mura ta kama ni har muryata ta dishe, kwana uku wani abokin aiki ke riƙe mini shiri. Na iso gida da hantsi, rana ta fito sosai bayan ruwan safe. Na yi sallama da wannan disasshiyar murya, na tsuguna inda na saba.

Inna ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. Ta ce, “Lale, kai ne? Shigo mana, me kake yi a bakin ƙofa kamar mai neman aure?”

Na shiga. Rabona da cikin ɗakin nan har na manta. Ta matsa mini a tabarma.

“Wannan murya fa? Ruwa ya dake ka a hanya ko? Ku ba a faɗa muku ku ji. Ka sa a dafa maka citta da kanumfari, ka daina shan ruwan randa. Yaya yaran? Yaya kasuwar Babura, awaki sun yi kuɗi?”

Nan na gane. Ɗan wanta take nufi, mai sayar da awaki a Babura, wanda tsayinmu ɗaya. Ya kamata in yi magana a lokacin. Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

“Ka ji rediyo shekaranjiya? Mutumin rediyo bai yi shirin ba, wani suka sa. Wannan ɗin sauri yake kamar an biyo shi da sanda. Shi kuwa namu in yana bayani, ko akuya ta saurara sai ta gane. Ban san abin da ya same shi ba. In ka ji wani abu ka faɗa mini, kada ka ce ni na tambaya.”

Shekarata arba’in da ɗoriya, ban taɓa sanin tana sauraro ba. Na sunkuyar da kai na yi shiru don ta ƙara. Ta ƙara ɗin. Ta ce tun ina jariri ba ni da kukan banza. Ina zaune kusa da ita, in na miƙa hannu zan taɓa gwiwarta, hasken rana ya cika ƙofa, idanunta a buɗe suna kaina, ni kuwa abin da ke raina kawai kada wani ya shigo.

Ƙanwata ta shigo da jaririnta a baya. Ta ce, “Yaya, yaushe a gari?”

Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya ga bango. Na yi dariya. Ƙanwata ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallona kamar mai jiran in faɗi wani abu, da ban faɗa ba ta kwance goyo ta zauna. A kan babur ina komawa na ce wa kaina ɗakin ne da duhu, ga kuma murya. Na ba matata labarin. Na ba abokan aiki ma, aka yi ta dariya, wani ya ce in riƙa yin mura duk ƙarshen wata.

Bayan kaka ƙanwata ta kira ni da safe ina shirin fita aiki. Ta ce in zo da mota yau, ba gobe ba, idon Inna ne.

Na sami Inna kwance, an ɗaure mata idon hagu da tsumma. Da aka kwance, idon ya kumbura ya yi ja, yana ruwa. Ƙanwata ta ja ni zaure ta yi mini bayani. Wani mutum ne mai bin kasuwanni yana cewa yana cire yanar ido da allura. Inna ta sa maƙwabciyarta ta kai ta wurinsa ranar kasuwa. Kwana biyu tana cewa ta fara ganin haske, a na uku ciwo ya hana ta zama.

Na ce, “Me ya sa ba ki faɗa mini tun farko ba?”

“Ta ce kada in kai maka maganar jikinta. Ta ce in na faɗa ba ni ba ita.”

“Sai ki biye mata?”

“Yaya, kai fa kake faɗa wa duniya alamomin. Ni a bakinka na koye su. Ranar da ta ɗauke ka mai awaki, na ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi, ka gani da idonka ba sai na karya mata magana ba. Sai na ga kana dariya.”

Ta ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai ƙirga kayan wanki. Ta ce ai Inna ta ji sanarwata tun bazara, kuma ta yarda da ita. Lokacin ƙanwata na wankan jego, ba ta fita. Inna ta lallaba ita kaɗai zuwa asibitin sha-ka-tafi na garinmu ranar da ake tantance masu ciwon ido. An duba ta, an ce yana ce, ta nuna, za a iya cirewa. Sai mai rubuta suna, wani saurayi da ba ɗan yankin ba ne, ya ce ta faɗi sunan babban ɗanta da lambarsa, wanda zai raka ta Kazaure ya kula da ita. Ta yi shiru. Ya sake tambaya. Ta yi shiru. Ya ɗauka ba ta da kowa, ya ce da ita cikin ladabi ta je ta samo wani ta dawo. Ta tashi ta dafa bango ta fita.

Muka kama hanyar Kazaure a mota. Inna na baya, kanta a kafaɗar ƙanwata. A wurin yankar kati aka tambayi sunan ɗan rakiya, na faɗa. Ma’aikaciyar jinyar da ke gefe ta ɗago kai.

“Wannan muryar na san ta. Malam, ba kai ne mai shirin lafiya ba? Mu duba tsofaffinmu?”

Na ce ni ne.

“Kai, sannu da ƙoƙari. Ka san tsofaffi nawa suka zo nan saboda maganarka? Wannan ma kai ka tsinto mana ita?”

Na ce mahaifiyata ce. Ta dubi tsumman da ke fuskar Inna, ta dube ni, ta mai da kai kan katin. Sai ta tashi da kanta ta riƙe hannun Inna ta shigar da ita.

Likita bai ja magana ba. Idon hagu ya tafi, abin da ya rage a kashe ciwon kada ya ci gaba. Na dama yana ce kawai, da ciwon hagun ya lafa za a yi aiki. Na tambaye shi, da a ce an kawo ta cikin damina fa? Ya ce da an ceto duka biyun. Na san amsar kafin in tambaya. Ina ganin so nake wani ya faɗa mini ita a fili.

Bayan mako uku aka yi aikin. Washegari da safe aka zaunar da su a benci, tsofaffi a jere kowa da bandeji, mu ’yan rakiya muna tsaye a bayansu. Ma’aikaciyar nan ce ke cirewa. Da ta zo kan Inna ta ɗaga bandejin a hankali, ta goge idon, ta nuna yatsu. Inna ta ce uku. Uku ne. Sai ma’aikaciyar ta yafito ni na zagayo gaba.

“Mama, wannan fa, wa kike gani?”

Inna ta dube ni. Ba da daɗewa ba, amma ta dube ni sosai, daga hula har haɓa.

“Ina ganin mutum.”

“Wane mutum? Faɗi sunansa mu ji.”

Tsohuwar da ke kusa da ita ta ce, “Ke yarinya, bar ta. Ba ki ga ɗan fari ba ne?” Benci ya ɗauki dariya. Inna ta kau da kai, ta ce da ƙanwata a hankali, “Ashe mutumin nan ya yi furfura. Ba wanda ya faɗa mini.”

Ban cire jimlar nan daga sanarwa ba, amma na daina karanta ta yadda take. Yanzu nakan ce a miƙa wa tsoho allura da zare a tsaya a gani, in kuma uwa ce mai kunyar ɗanta, a rubuta mata sunansa a takarda ta tafi da ita. Wani abokin aiki ya ce sanarwar ta yi tsawo. Na ce a bar ta haka.

Inna ta koma ɗinkin faifai. Duk ƙarshen wata nakan sa sabuwar allura da zare a cikin kayan da nake kai mata, in ajiye a saman ledar. Ba mu taɓa yin maganar dalili ba. Tana amsa gaisuwa tana zura zaren, in ya shiga ta ajiye allurar a bakin tabarma inda zan gani. Har yanzu a bakin ƙofa nake tsugunawa, ƙofar kuma tana hagunta. In ta kau da kai ga bango, idon da ke saura ta wajena shi ne wanda ya mutu, ya shanye ya yi fari. Shi nake gaisarwa.