Irin Geron da Ke Bakin Zani

Kakata Hajiya Dije, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa yarda cewa abin da ke sauka a Makka ruwan sama ne ba. In hadari ya haɗo muka fita lungu muna tsalle, sai ta leƙo ta taga ta taɓe baki, ta ce a garinsu ko kaza ba za ta fake wa wannan ba. Daga ƙasar Katsina suka taso da kakana tun da ƙuruciyarta, suka biyo ta Sudan da niyyar su sauke farali su koma. Ba su koma ba. Ni ban ma riski kakan nawa ba.

A unguwar Mansur muke zaune, a wani tsohon bene mai matakala kamar ta hawa dutse. Da rana Iya tana suyar ƙosai a bakin layi. Bayan magariba sai ta kwashe sauran garwashin, ta hau da shi saman bene tana nishi, ta ɗora butar shayi. Mu jikoki mu kewaye ta, Larabci a bakinmu, Hausa a kunnenmu. Kullum a gajiye take, ƙafafu a kumbure, sai mun yi ta naci kafin ta ce, "Yalla, ga ta nan tafe, ku matso. Amma wanda ya sako mini Larabci a tsakiya, na fasa."

Akwai tatsuniya guda da ta fi maimaitawa, mu kuwa mun tsane ta, don babu dodo a ciki, babu aljani. Wai fari ne ya kori wani mutum da matarsa, suka fita neman garin da ruwan sama yake kwana. Matar ta ƙulle irin gero a bakin zaninta. Suka iso wata fadama mai danshi, ta shafa ƙullin ta dubi mijin, shi kuwa ya nuna gaba, suka wuce. Suka iso wani kwari mai ciyawa har gwiwa, ta sake dubansa, ya sake nuna gaba. Haka suka yi ta yi, takalmi ya cinye, gashi ya yi fari. Da suka isa garin, ga ruwa nan yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Ta kwance bakin zani, ashe geron ya daɗe da tsirowa a ciki, ya ruɓe.

Nan take tsayawa, ta hau tsiyaya shayi. Ranar nan haushi ya kama ni, na tambaye ta me ya hana matar ta ce su tsaya.

"Ba ta ce ba," in ji Iya, "shi kuma bai tambaya ba. Sha shayinki."

Sai da na girma na ji daga mahaifiyata cewa duk shekara kakana yakan ce baɗi za su koma gida, Iya ta ce to. Na ɗora masa laifin duka, na rufe maganar a raina.

Bara, bayan mun aurar da autarmu, mijina Abu Yasir ya ce mu tafi ƙasar Ailan yawon buɗe ido. Ya san labarin Iya da ruwan sama, ya ce zai kai ni inda ruwan yake kwana da gaske. Na yi murna, wallahi. Abin da na manta shi ne, bawan Allahn nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar alhazai daga unguwar Aziziyya zuwa wuraren ziyara. A wurinsa tafiya ba ta cika ba in an tsallake wuri guda.

Haka kuwa ya mayar da ni hajiya. Mu sauka a wani tsohon gidan sarauta na dutse a Kilkenny, kafin in gama haki daga hawan matakala ya ɗauki hoto, ya ce yalla, mu yi gaba. Koriyar ƙasa iya ganinka, tumaki kamar an watsa auduga, duk ta gilashin mota na gan su. Birnin Galway ma ban san ƙamshinsa ba. Da yamma mu faɗi a masauki ba mai ce wa wani uffan. Na gaji, gajiyar da ta wuce ta ƙafa, don na lura mun yi shekaru a haka: tun da yara suka watse, in ba maganar cefane ba, ba mu da abin faɗa wa juna. Tsoro ya kama ni kada mu koma Makka da hotuna cike da waya, mu ci gaba da zaman kurame har mutuwa.

A wani ƙaramin garin masunta kusa da Dingle ruwa ya tsuge. Yana buɗe mini ƙofar mota, wai akwai wata hasumiya a gaba, na ji hannuna ya kai bakin abayata yana murzawa. Na nemi wani benci da ke kallon teku na zauna, ruwa na dukana.

"Abu Yasir, ni na tsaya. Ba na son ganin komai kuma. Zo ka zauna."

Ya yi tsaye yana kallona. Sai ya tako, a lokacin na ga yana ɗingishi. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafa, ya ja wando ya nuna mini gwiwarsa, ta kumbura suntum. Tun Kilkenny take ciwo, ya ɓoye.

"Ummu Yasir, ai da kin faɗa tun farko," ya ce. "Na ga kin yi shiru, na ɗauka so kike ki ga duka."

Muka jiƙe sharkaf a bencin nan, muka yi hira har ruwan ya ɗauke, irin hirar da na manta muna iya yi. Hasumiyar ba mu je ba.

Yanzu in na wuce ta Mansur na hango tsohon benen, ba Iya kaɗai nake tausayi ba. Ina tuna kakana, wancan mutumin mai nuna gaba, wanda na daɗe ina jin haushinsa ban taɓa ganinsa ba. Wa ya sani ko shi ma ƙafarsa ta kumbura tun a fadamar farko, yana ta jira ta ce masa su tsaya.